Saniyar Goggo ta Zinariya

Ni mutum ne mai tara kuɗin zinariya, kuma kafin wani ya ɗauka attajiri ne ke magana, bari in faɗa tun yanzu cewa duk abin da na tara bai cika tafin hannu biyu ba. Malamin tarihi ne ni a makarantar sakandare a nan Bauchi har na yi ritaya. Shekarar da Allah ya nufe ni da sauke farali, abokan tafiyata suna ta sayen darduma da agogo da zabibi, ni kuwa na tsaya a gaban wani shago na sayi fam ɗin zinariya na Saudiyya guda ɗaya, don kawai rubutun da ke jikinsa ya burge ni. Daga nan ciwon ya kama ni, kuma har yau ban warke ba.

Irin wannan kuɗi ƙasashe ke bugawa da hatiminsu, ba don a je kasuwa a sayo gishiri da shi ba, sai don ajiya. Hatimin shi ne shaidar cewa nauyinsa ya cika kuma zinariyarsa ta gaske ce. A hankali, bana ɗaya baɗi ɗaya, na samu na Turkiyya, na samu na Afirka ta Kudu mai hoton barewa, na samu na Ingila guda uku ko huɗu. Kowanne na san wanda ke mulki lokacin da aka buga shi, da yaƙin da ake yi, da hanyar da ya biyo har ya faɗo hannun 'yan canji. Ina ajiye su a cikin wani gwangwanin biskit da na shimfiɗa wa ƙyallen karammiski, a ƙasan durowar littattafaina a gidanmu na Gwallameji.

Mai ɗakina ba ta taɓa ganin hikimar abin ba. Takan ce, "Malam, namiji da zinariya? Ba ka sawa, addini ya hana. Ba ka sayarwa, zuciyarka ta hana. Ni da aka halatta wa kuma ka ce kada in taɓa don kada in bar shatin yatsa." Ni kuma sai in ce mata ai ba ado nake tarawa ba, tarihi nake tarawa. Gaskiyar magana ita ce ina son a san na sani. Baƙo zai shigo gaisuwar minti biyar, sai ya fita da laccar awa guda a kan sarakunan Turai, shayinsa ya huce a gabansa yana gyaɗa kai don kunya. Na ɗauki kaina mutum mai ilimi da amana, kuma haka dangi suka ɗauke ni.

A cikin dangin nan ba wanda ya kai Goggo yarda da ni. Ƙanwar mahaifina ce, ita kaɗai ta rage a cikin 'ya'yan kakana, tana zaune a Inkil tare da jikokinta mata biyu, marayun ɗanta tilo. Sunan kakana aka sa mini, don haka tun ina cikin tsumma ba ta taɓa kiran sunana ba. "Babana" take ce mini, ko da ina ɗan shekara biyar ina satar mata kindirmo, ko yanzu da furfura ta cinye mini gemu. Idan na je gaishe ta takan miƙe daga tabarmarta ta ba ni, ta koma kan buhu, duk faɗan da zan yi ba ta ji.

Mu asalinmu makiyaya ne. Kakana ya yi kiwo a wajen Gubi tun kafin a yi madatsar ruwa, kuma a gidanmu duk ɗan da aka haifa ana ba shi karsana ranar suna, ita da duk abin da ta haifa nasa ne. Goggo ma an ba ta tata, wata ja mai farin goshi. Da kakana ya ƙudura niyyar zuwa Makka ta ƙasa, ta Chadi da Sudan kamar yadda ake yi a wancan zamani, ya sayar da bijimansa guzuri bai cika ba, sai ya haɗa da saniyar 'yarsa. Goggo tana yarinya, ta ce kwana uku ta yi ba ta ci abinci ba. Bayan shekara biyu da wani abu ya dawo, ya rame ya yi baƙi, ya kira ta ya buɗe mata tafin hannu ya ɗora mata fam ɗin zinariya na Ingila. Kafin ya ba ta sai da ya zare wuƙarsa ya yi wa bakin fam ɗin tsaga biyu kusa da juna, irin tsagar da muke yi wa kunnen dama na shanunmu don a gane na gidanmu ne. Ya ce mata, "Ga saniyarki na dawo miki da ita."

Tun daga ranar ba ta taɓa kiran fam ɗin da wani suna ba sai "saniyata". An yi fari, an yi ciwon shanu, garken gidan ya watse, maza suka shigo gari neman aikin gadi da direba, ita dai saniyar Goggo tana nan ƙulle a tsumma. Mijinta ya rasu ba ta sayar ba. Ɗanta ya yi jinya mai tsawo ta sayar da tasoshinta da gadonta na ƙarfe, ba ta sayar da ita ba. Na sha jin labarin, amma ban taɓa riƙe fam ɗin ba, domin ba abin da take fitarwa ba ne.

Sai idonta ya yi yana, likita ya ce sai an yi aiki. Ranar da za a kwantar da ita na je ɗaukarta da safe, ta sa jikokin suka fita, ta kwance haɓar zanenta ta miƙo mini ƙullin tsumman. Ta ce, "Babana, riƙe mini saniyata. Asibiti ba wurin kiwo ba ne. In na fito ka dawo mini da ita, in ban fito ba ka san masu ita." Na karɓa da hannu biyu, na ce Allah zai tashi kafaɗunta, har da yi mata faɗa a kan maganar mutuwa.

Da na koma gida na kwance tsumman, wai in duba kawai. Yana ƙamshin man shanu da hayaƙi. Fam ɗin ya sha hannu, amma komai na jikinsa a bayyane yake: gefe guda kan sarkin Ingila mai gemu, ɗaya gefen mahayin doki yana tattake wani dodo. Na ɗauko gilashina mai ƙara girman abu na duba ƙarƙashin kofaton dokin. A nan ne ake sa wani ɗan harafi, ƙarami kamar ƙwayar gero, mai nuna garin da aka buga kuɗin, domin Ingila ta buga irin wannan fam a ƙasashen da ta mallaka ma. Nawa duk na Afirka ta Kudu ne da Ostareliya, waɗanda ake samu a hannun kowane ɗan canji. Na Goggo kuwa harafin Indiya ne a jikinsa. Shekara ɗaya tak aka buga shi a can, a ƙarshen yaƙin duniya na farko, daga nan aka daina. Na daɗe ina nemansa, na sa an tambayar mini a Kano, na sa an tambayar mini a Jidda, ban dace ba. Ashe yana Inkil a haɓar zanen goggona.

Kwana tara ta yi tsakanin asibiti da gidan wata 'yar'uwa a cikin gari, kuma kwana taran nan na yi su ina shari'a da kaina, ni ne alƙali, ni ne lauya, ni ne mai ƙara. Na ce ai Goggo ba ta san Indiya ba, ba ta san Afirka ta Kudu ba. Ina da wani mai kan sarki ɗaya, gemu ɗaya, doki ɗaya, nauyi ɗaya. Har karatun da na yi a zaure ina yaro na jawo: zinariya da zinariya, daidai da daidai, hannu da hannu, babu riba a ciki. Abin da na tsallake da gangan shi ne cewa ciniki sai da yardar mai kaya, kuma wannan ba ciniki aka kawo mini ba, ajiya aka ba ni. Na san haka sarai. Idan da ɗalibina ne ya kawo mini irin wannan hujja da na kore shi daga aji.

Abu ɗaya ya tsaya mini a wuya, tsagar nan biyu. Nawa bakinsa lafiya lau yake. Ranar wata Asabar mai ɗakina ta tafi gidan suna, na kulle ƙofar falo da rana tsaka, na ɗauko ƙaramin magagarin da nake gyara makulli da shi. Ni da ke hana mutane taɓa kuɗin nan da yatsa, ni ne na danne fam ɗina a gefen tebur na goga masa ƙarfe. Na auna tazarar tsagar da tsinken ashana, na yi ta farko, na yi ta biyu. Suka fito da ƙyalli irin na sabon yanka, don haka na shafa musu toka da ɗan mai, na yi ta murzawa da babban yatsa har suka dusashe. Shaidar gidanmu ke nan na ƙirƙira, wadda kakana ya yi da wuƙarsa, ni mai sunansa na yi ta jabu. Da na gama na ɗora su biyun a kan karammiski, na ji daɗin aikina. Wannan jin daɗin ya fi komai ba ni kunya idan na tuna.

Goggo ta fito da ido garau. Na ƙulle nawa a tsummanta na kai mata Inkil ina tsoron kada ta gane, domin yanzu tana gani fiye da yadda ta yi shekara goma tana gani. Ta kwance, ta kai shi bakin ƙofa wurin haske, ta juya shi, ta yi dariya. Ta ce, "Ashe haka gemun mutumin nan yake! Na manta fuskarsa." Ta shafa bakin da farcenta, ta ji tsaga biyu, ta ƙulle ta mayar haɓar zane. Ta sa mini albarka har sai da na gaji da cewa amin, ta kuma sa aka kama mini zabuwa na tafi da ita gida.

Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne cewa ba zan iya nuna wa kowa fam ɗin Indiya ba. Duk wani ɗan'uwa da ya ga tsagar zai gane. Mai ɗakina ma ta san labarin saniyar Goggo. Sai na naɗe shi a takarda na cusa a ƙarƙashin karammiskin, can ƙasan gwangwani. Na samu abin da na fi so a duk tarina, amma ko lacca ɗaya ban yi a kansa ba. A hankali ma na rage buɗe gwangwanin. Baƙi suka samu sauƙi, mai ɗakina ta ce ko na fara hankali ne. Damina biyu aka yi a haka, ina zuwa Inkil duk bayan mako biyu, ana ba ni tabarma, ina zama.

Sai aka sa ranar auren jikokin Goggo, su biyun lokaci ɗaya. Babbar ta gama jami'a a Gubi, ƙaramar tana ɗinki. Goggo ta sa aka kira ni a waya ta ce in zo, akwai magana. Da na je ta ce, "Babana, saniyata ta daɗe ba ta haihu ba. Yara biyu ne, ita ɗaya ce, kuma ba zan ba wa ɗaya in hana ɗaya ba. Ka kai ni wurin maƙerin zinariya a narka ta a yi musu 'yan kunne, kowacce ta tafi ɗakinta da abin da hannun Baba ya taɓa."

Na yi ƙoƙarin hana ta. Na ce tsohon kuɗi ba a narka shi, na ce ni zan sayi 'yan kunnen daga aljihuna. Ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ce, "Zinariyar kasuwa ai kowa na iya saya. Ni wadda ta zo daga Makka da ƙafa nake so su sa." 

Ranar da muka shirya, da safe na buɗe gwangwani na ciro na gaskiyar na sa a aljihun gaban rigata. Niyyata mai kyau ce, ko dai haka na gaya wa kaina: zan nemi dabara in musanya su a hanya, a narka na kakana, magana ta mutu ba wanda ya ji. Na je Inkil na ɗauko ta a keke mai ƙafa uku, muka biyo titin Gombe muka shigo gari. Tana ta nuna mini gine-gine tana cewa nan da kurmi ne, nan sun taɓa sauka da shanu. Ni ban ji rabin abin da take faɗa ba, hannuna yana kan aljihu.

Dabarar da nake nema ma ba sai da na neme ta ba. Da muka isa bakin layin maƙera a bayan kasuwa, za ta sauka daga keke gwiwarta ta ƙi, sai ta miƙo mini fam ɗin, ta riga ta kwance shi daga tsumma, ta ce, "Riƙe mini in dafa." Ta juya mini baya tana neman inda za ta sa ƙafa, mai keke yana riƙe da hannunta. Ga na jabu a hannuna na dama, ga na gaske a aljihu, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai taƙi ɗaya ba. Na sa hannu a aljihun har na taɓa shi. Sai wata murya a cikina ta ce, yanzu wannan za ka miƙa a jefa a wuta? Wanda aka buga shekara ɗaya tak? Na tsaya riƙe da shi har Goggo ta sauka ta gyara mayafinta ta miƙo hannu. Na ba ta wanda ta ba ni.

A karon farko zan iya cewa kwaɗayi ya rufe mini ido. A wannan karon idona a buɗe yake, an ba ni dama a tafin hannu, na zaɓi ƙarfe na bar goggona.

Maƙerin dattijo ne mai tabarau biyu, ɗaya a kan ɗaya. Shagonsa ɗan ƙarami, benci ɗaya da sikeli da tukunyar gas. Ya karɓi fam ɗin ya ɗora a sikeli, ya goga shi a baƙin dutse, ya ce zinariya ce mai kyau. Sai ya kai bakin kusa da idonsa ya daɗe yana kallon tsagar.  Mutumin da ya yi shekara arba'in yana goga ƙarfe ai ya san bambancin yankan wuƙa da cin magagari. Ya ɗago ya dubi Goggo, ya dube ni, ya ce, "An yi masa shaida ke nan, Hajiya."

Ta ce, "Babana ne ya yi da hannunsa."

Mahaifinta take nufi. Amma da sunan da take kirana ta faɗa, kuma gaskiya ta faɗa ba ta sani ba. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina.

Ta ba maƙerin labarin duka, tun daga jar karsana har dawowar kakana. Ya saurara bai katse ta ba, ya ce Allah ya jiƙan magabata. Ya tambaye ta ko ta tabbata, domin abin da ya shiga wuta ba ya dawowa. Ta ce ta tabbata, amma ya ba ta shi ta ƙara riƙewa. Ta rufe shi a tafin hannunta biyu ta kai bakinta, ta yi masa magana da Fillanci ƙasa-ƙasa, irin kiran da ake yi wa saniya idan za a tatse ta. Rabon da in ji wannan kira tun ina yaro. Daga nan ta yi bisimilla ta sa shi da kanta a cikin ɗan kaskon.

Ya kunna wuta. Ba ya ɗaukar lokaci, ashe. Fam ɗin ya yi ja, kan sarkin ya lotsa, dokin ya shafe, sai ga ɗan dunƙule yana rawa a tsakiyar kasko kamar ƙwaiduwa. Na juya na ga Goggo tana kuka. Matar da aka fita da gawar ɗanta tilo tana zaune ba ta bari an ga hawayenta ba, don kunya irin tamu, ita ce take kuka a shagon maƙeri a tsakiyar kasuwa, ba ta ko rufe fuska ba. Tana cewa, "Baba, na sallame ka. Na riƙe maka ita iyakar iyawata." Ni kuwa ina tsaye a bayanta, abin da take yi wa bankwana yana aljihuna, ina jin nauyinsa a ƙirjina. Wanda ke cikin kaskon a hannun wani ɗan canji na saye shi, ko sunansa ban riƙe ba.

A hanyar komawa ta kama hannuna ta ce ta gode da na tsaya mata, ba kowa za ta yarda ya ga kukanta ba. Na ce ba komai. Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige.

Aka yi biki lafiya. Amaren suka zo gaishe ni da 'yan kunnensu, ƙanana masu siffar ganye, suna juya kai don in gani, babbar ta ce, "Baffa, Goggo ta ce kai ka san tarihinsa, wata rana za ka rubuta mana." Na ce in sha Allahu. Yanzu babu sauran wata shaida a duniya, wuta ta cinye ta. Maƙerin ko ya gane ko bai gane ba, ba zai faɗa ba. Na tsira, kuma tsirar ce ta hana ni sakat. Abinci ya daina yi mini daɗi, na riƙa yi wa mai ɗakina faɗa a kan gishiri da ƙarar rediyo. Idan na tsaya sallah sai in ga kaskon nan. Ta tambaye ni ko wani ciwo nake ɓoyewa, na ce mata a'a, kuma wannan ma ƙarya ce.

Mako uku bayan biki na ɗauki fam ɗin na tafi Inkil bayan la'asar. Gidan ya yi shiru tun da yaran suka tafi. Na tarar da ita a gindin dalbejiya tana dama fura, ta taso za ta ba ni tabarma, na ƙi, na durƙusa a ƙasa a gabanta. Ta ce lafiya? Sai na ciro shi na ajiye a gefen faifanta.

Ta dube shi ba ta taɓa ba. Na faɗa mata komai, ban rage ba: gilashin, harafin Indiya, magagarin, tokar, har da abin da ya faru a bakin keke. Wannan na ƙarshen ya fi wuyar fita, amma na san idan na ɓoye shi ban faɗi komai ba. Ina magana ina jiran ta zage ni, ko ta tsine mini, ko ta kira maƙwabta. Da ta yi haka da na samu sauƙi.

Ta goge hannunta a zane ta ɗauki fam ɗin. Ta bi bakinsa da farce, a hankali, ta tsaya a kan tsagar, ta daɗe a wurin. Kaji suna ta tsattsagar tsakin da ya zube kusa da ƙafarta ba ta kore su ba. Can ta ɗago ta dube ni da idon nan da aka gyara, ba fushi a ciki, da ma fushin ne.

Ta ce, "To ni wa na yi wa kuka ran nan?"

 

Na ce mata gobe da sassafe in zo mu koma wurin maƙeri, a narka wannan, a karɓo 'yan kunnen yaran a sake. Ta girgiza kai. Ta ce, "In je in ce musu me? Su cire abin da na sa musu da hannuna na ce na kakansu ne? Suna ɗakin mazajensu suna alfahari da shi. Ba za su ji wannan magana ba, ba daga bakina ba, ba daga naka ba." Na ce to ta riƙe abinta, ai nata ne. Ta juya shi sau ɗaya a tafin hannunta, ta kamo hannuna ta ɗora mini shi ta naɗe yatsuna a kai.

Ta ce, "Na riga na sallame ta. Ba ni da ƙarfin yi sau biyu. Kai da ka so ta haka, je ka ka yi ta kiwo."

Ta ci gaba da dama furarta. Da ta gama ta zuba a ƙwarya ta tura gabana, ta ce in sha kafin ta tsinke, hanya da nisa. Na ɗauka na sha, hannuna ɗaya a dunƙule, ita kuma ta juya tana kallon bango har na tashi.